Lambun gayya a bayan Islamiyya: ta ina za mu fara?

Sakataren Matasa, Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lambu. Ƙungiyar matasan unguwarmu ta samu aron fili a bayan makarantar Islamiyya, ƙafa 50 da 75. Katanga ta kare shi ta gabas da arewa, sauran ɓangarorin biyu a buɗe suke, kuma an daɗe ana zubar da shara a kusurwa ɗaya. Akwai rijiyar burtsatse ta masallaci mai tankin lita 2,000, amma sai an kawo wuta ko an zuba wa janareta mai ake cika shi. Mutum 18 ne suka ba da suna za su yi aikin kyauta. Niyyarmu mu noma ganye da kayan miya a riƙa kai wa gidajen marayu da masu ƙaramin ƙarfi a unguwar. Yanzu muna ƙarshen Satumba. Me ya kamata mu fara shukawa, yaya za mu gyara ƙasar, kuma yaya ake tsara aikin don kada ya mutu bayan wata biyu? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Gona:

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Kafin a zo maganar iri, ku zauna ku yi lissafin ruwa, domin ruwa ne zai faɗa muku girman lambun, ba filin ba. Filinku ya kusa murabba'in mita 350. In aka cire hanyoyi da wurin ajiyar taki, wurin shuka zai kai 200. A nan Kano, lokacin hunturu, kowane murabba'in mita yana shan lita 5 zuwa 6 a rana, daga Maris zuwa Mayu kuma yakan kai 8. Ke nan in kuka noma shi duka, kullum sai kun samo lita 1,200, wato jarka 48, fiye da rabin tankin da jama'a ke alwala da shi. Ba za a yi sati biyu ba ƙorafi zai taso.

Ku fara da fangali 10 kawai. Kowanne faɗinsa mita 1.2, tsawonsa mita 5, a bar hanya mai rabin mita a tsakani. An zaɓi wannan faɗin ne don mutum ya iya miƙa hannu zuwa tsakiya daga kowane gefe ba tare da ya taka ƙasar ba. Ƙasar da ake takawa tana danƙarewa, ruwa ya daina shiga. Fangali 10 ɗin nan murabba'in mita 60 ne, ruwansu lita 360 a rana, jarka 15. Da butar ban ruwa mai lita 10, kowane fangali buta biyu da safe, biyu bayan La'asar. Tankin in an cika shi zai ɗauke ku kwana biyar in ku kaɗai ne, don haka ko an yi kwana biyu ba wuta ba za ku shiga uku ba.

Fangalin rani a nutse ake yin sa: a haƙa zurfin taƙi ɗaya da rabi, a farfasa ƙasar, a baje ta daidai, a tayar da gefe kamar yatsu huɗu don ya riƙe ruwa. Ku kula da bajewar nan sosai. In fangali ya karkata, ƙasansa zai riƙa jiƙewa har saiwa ta ruɓe, samansa kuma yana ƙishi. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a zuba buta biyu a tsakiya a tsaya a ga inda ruwan ya gudu, a ja ƙasa a cike. In damina ta zo sai a juya tsarin, a tayar da shi sama kamar taƙi ɗaya, don ruwan Agusta ba ya barin shuka a kwari.

Game da abin shukawa, lokacin da kuka zo shi ne mafi kyau a shekara. Fangali huɗu ku ba alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, gram 1 zuwa 2 ya isa murabba'in mita, wato ƙaramin cokalin shayi biyu ba a cika ba ya ishi fangali guda. A cuɗa shi da busasshen yashi kamar ninki goma, a yafa, a rufe da ƙasa sama-sama. Yana tsirowa cikin kwana 3 zuwa 5, ana tuge shi a sati uku zuwa huɗu. Kada ku shuka fangali huɗun rana ɗaya. Ku riƙa shuka ɗaya duk sati, ta haka kowane mako akwai na cira, ba za ku wayi gari da tulin ganyen da ya fi ƙarfin rabo ba. Sai dai in sanyi ya tsananta a Disamba da Janairu yana jinkiri, ya kai sati biyar. Ba ciwo ba ne, kada a ɗura masa taki.

Fangali biyu latas: a rena shi sati uku zuwa huɗu, a dasa da tazarar santimita 25 zuwa 30, da yamma, a cire bayan sati biyar zuwa shida. Daga ƙarshen Fabrairu ku bar shi, zafi yana sa ya yi tsiri ya yi ɗaci. Fangali biyu albasa: renonta ya fi daɗewa, sati shida zuwa takwas, sai kaurinta ya kusa na fensir a dasa a Nuwamba ko farkon Disamba, santimita 10 tsakanin shuka, 15 tsakanin layi. In aka makara, zafi zai tarar da ita ba ta yi ganyen kirki ba, kan ya fito ƙanana. Fangali ɗaya karas, shi ba a dasa shi, a wurinsa ake shukawa, kuma yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya fito. A wannan tsakanin in saman ƙasar ya bushe sau ɗaya an yi asara, don haka a rufe shi da tsohon buhun algarara a riƙa jiƙawa, a ɗage da zarar an ga tsiro. Fangali na ƙarshe shi ne wurin reno.

Kuɓewa, yakuwa, rama da lalo ku ajiye su sai Maris ko farkon damina. Ba sa son hunturu.

Mai Lambu:

Baba Malam ya gama magana kan ruwa. Ni kusurwar jujin nan ce ta tsaya mini a rai. Gaskiya ne tun kakanni manoman kewayen Kano suke ɗibar shara daga birni a kan jakuna su kai gona ta zama taki. Amma sharar da ke nan toka ce da kashin dabbobi da ɓawon abinci. Ta yanzu akwai leda, kwalba, allurai da mataccen batir, kuma batir yana sakin dalma a ƙasa. Dalma ba ta ruɓewa, ba a ganin ta, ba ta hana ganye yin kore shar, amma tana shiga jiki, yara ƙanana ta fi yi wa illa. Marayu za ku ciyar, to kada ku yi sakaci da wannan.

Abin da za ku yi: ku kwashe sharar da saman ƙasar kusurwar, zurfin taƙi ɗaya, a fitar da ita daga filin. Kada ku yi fangalin ganye ko karas a wurin. Ku mai da shi wurin ajiyar kayan aiki, ko ku jera buhuna a kai da ƙasar da aka kawo daga wani wuri. In kuna da hali, ku ɗebi ƙasa daga wurare biyar a filin, ta kusurwar daban ta sauran daban, ku kai sashen nazarin ƙasa na tsangayar aikin gona a Jami'ar Bayero, tunda ba ta da nisa da ku, ku nemi a duba.

Haka nan ruwan kwata da na kududdufi, ko ya zo muku a araha, ku ƙi. Masu lambu a bakin Jakara da Getsi da shi suke bayi, amma abin da ke gangarowa cikinsa ya haɗa da najasa da dagwalon masana'antun Bompai; na majemun Sharaɗa da Chalawa kuma kogin Chalawa yake shiga. Latas ɗanye ake ci, ba ya ratsa wuta.

Sai taki. Kowane fangali yana son ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki kilo 15 zuwa 18, kusan bokitin fenti babba cike biyu. In na kaji ne a rage rabi, ya fi zafi. A cuɗa shi da ƙasa sati biyu kafin shuka, ana jiƙawa. Yadda za ku gane ya ruɓe: ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba wari, in ka cusa hannu cikin tulin ba ɗumi. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kawo gara da irin ciyawa, a karas kuma yana sa ya fito da ƙafa biyu ko uku. Ku tambayi masu kiwon gida a unguwar, da yawa neman mai kwashe musu suke yi, musamman bayan Babbar Sallah.

Don gaba, ku haƙa rami mita ɗaya faɗi, tsawo da zurfi, a inuwar katanga. A Kano rami ya fi tuli a sarari domin iskar hunturu tana busar da tulin kafin ya ruɓe. A shimfiɗa busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa taƙi ɗaya, a bi da ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, a bi da kashin dabbobi yatsu huɗu, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake. Ragowar ganyen da 'yan kasuwa ke zubarwa a Yankaba ko ƙaramar kasuwar unguwa ya isa cika shi. A juya duk sati biyu. In ka damƙe shi a hannu ya dunƙule ba ruwa na ɗiga, daidai ne. In yana wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe. In bai yi zafi ba bayan kwana huɗu, ya bushe ko kashin ya yi kaɗan. Wata biyu zuwa uku ya nuna.

In za ku ƙara da takin zamani, kamfa (NPK) cikin kwalin ashana ɗaya da rabi ga murabba'in mita kafin shuka. Ga alayyafo, yuriya babban cokali ɗaya a buta mai lita 10 bayan kwana 10 da tsirowa, a bi da ruwa zalla a wanke ganyen nan take, in ba haka ba zai ƙone.

Na ga Baba Malam bai sa tumatir a lissafi ba. Ni ina ganin a sa, ko gindi 20 ne a buhu, domin miyar gida ba ta yiwuwa da ganye kaɗai, kuma ganin jan tumatir yana ƙara wa matasa ƙarfin gwiwa.

Tsohon Malamin Gona:

Malam Mai Lambu, da gangan na bar shi, saboda sharon, tsutsar da ke shiga cikin ganyen tumatir tana cinye shi. Kowa ya tuna abin da tsutsar nan ta yi wa tumatir a Kadawa da Kura a 2016. Amma in a buhu ne, gindi 20, ban ƙi ba. A rena shi yanzu a farkon Oktoba, a dasa bayan sati uku zuwa huɗu in ya yi ganye huɗu ko biyar. Irin tumatir UC82B ko Roma VF sun saba da nan. Buhun shinkafa mai kilo 50, a naɗe bakinsa zuwa rabi, a huda ƙasansa wuri takwas zuwa goma, a cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi ko ɓuntu kashi ɗaya. Gindi ɗaya a buhu, lita 2 a rana, in ya fara 'ya'ya 3, a kafa masa sanda. Ruwan ya zama kullum daidai. In yau an cika gobe an manta, gindin 'ya'yan zai yi baƙi ya lotsa, mutane su ɗauka cuta ce su yi ta feshi a banza. Wanda aka dasa bayan Janairu kuma furensa zubewa yake yi in zafin dare ya shigo.

Hajiya Mai Zogale:

Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Malamai sun faɗi na ƙasa da ruwa, bari in faɗi na mutane, don lambun jama'a ba fari ke kashe shi ba, rashin mai zuwa ne.

Na farko takarda. Aron baki ba ya riƙe fili a Kano. Ku rubuta yarjejeniya: waye mai filin, shekara nawa aka ba ku, wata nawa za a sanar da ku kafin a karɓa (ku nemi wata huɗu, don albasa ta samu ta nuna), waye ke biyan man janareta. Mai filin ya sa hannu, shugaban makarantar da liman su shaida, a kai wa mai unguwa kwafi. Kuma kada ku dasa mangwaro ko gwaiba ko wata bishiya mai daɗewa, kada ku ɗora bulo. A idon magada, wanda ya dasa bishiya a fili yana shirin cewa nasa ne. Ko zogale sai da izini, a rubuta shi a takardar. In an yarda, ku jera shi a bakin shinge da tazarar mita ɗaya, ku riƙa sare kansa in ya kai ƙirjin mutum don ya yi rassa.

Na biyu, shinge kafin iri. Akuya ɗaya tana share aikin wata guda kafin a idar da sallar Azahar. Ba sai kun kewaye filin duka ba. Ku matso da fangalin kusa da katangun nan biyu, ku rufe sauran gefe biyun da waya ko zana, tsayi mita ɗaya da rabi, dirka duk mita biyu. A babbaka gindin dirkar a wuta kafin a binne saboda gara. Ƙasan shingen a toshe shi da ƙaya ko tsohon kwano saboda kaji. Ƙofa ɗaya, kwaɗo ɗaya, makulli biyu.

Na uku, ku bambanta gayya da aikin kullum. Gayya ta rana ɗaya ce: shara, haƙa, kafa shinge, juya taki. Wannan kowa zai fito, a dama kunu a yi shi cikin raha. Ban ruwa kuwa safe da yamma ne, har ranar Sallah. Cikin mutum 18 ɗin nan ku ɗauka shida ko bakwai ne za su ɗore, kuma ba laifinsu ba ne, wani makaranta, wani kasuwa. Kada ku ce kowa ya zo in ya samu dama. Ku raba kwana bakwai, kowace rana mutum biyu da sunansu, sauran huɗu su zama masu maye gurbi. A manna jadawalin a ƙofar lambu, a sa shi a zauren WhatsApp. Wanda ya gama bayi ya ɗauki hoto ya tura. Wanda uzuri ya kama shi ne zai nemo madadinsa tun daren jiya, ba sakatare ba. A ajiye littafi a cikin leda a rataye a shinge: ranar shuka, ranar taki, ranar feshi, abin da aka cira.

Na huɗu, rabo. Ku yanke shi tun ba a ga ganye ba. Shawarata kashi uku: biyu na gidajen da aka yi niyya, ɗaya a sayar a zuba a asusu don iri, mai da gyaran buta. Lambun da ba ya sayen irin kansa, ranar da mai ba da gudummawa ya gaji ya tsaya. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa wajen Fabrairu, lokacin da latas da alayyafo ke da kasuwa, to ku ƙidaya baya ku shuka don ya dace. Masu aiki ma a ba su dami ɗaya ranar aikinsu, a fili, kowa ya sani. Sunayen gidajen da za a kai wa su tsaya tsakanin mutum biyu da liman, a aika da yamma a rufe, kuma ba hoto.

Kada ku manta da matan da ba sa fita. Renon da ya yi muku yawa, ku ba su dashe da buhu biyu-biyu su ajiye a tsakar gida inda rana ke kaiwa awa shida. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya ya ishe su, ban da mai omo.

Sakataren Matasa, Ɗorayi:

Allah ya saka muku da alheri, Baba Malam, Malam Mai Lambu da Hajiya. Mun karɓi fangali 10. Tambaya ɗaya ta rage: ruwan alwalar masallacin yana gangarewa kwata ne a banza. Za mu iya tara shi? Sannan me za mu tanada na ƙwari?

Mai Lambu:

Za ku iya, kuma ya fi ruwan wanka da na wanki nesa ba kusa ba tunda ba sabulu. Sharaɗi na farko: ku bi bututun da idonku ku tabbatar bai haɗu da na makewayi ba. In sun haɗu a wani wuri, a raba su tukuna ko a haƙura. Daga nan a sa raga a bakin bututun, ruwan ya faɗa cikin duro da aka zuba wa tsakuwa taƙi ɗaya a ƙasa, gawayi taƙi ɗaya, yashi mai kauri taƙi ɗaya a sama, ya fita ta ƙasa zuwa duro na biyu da aka binne, mai murfi. Murfin dole ne, saboda sauro da kuma yaran Islamiyya. Ku auna abin da ke taruwa a rana ta yau da kullum da ranar Juma'a kafin ku dogara da shi. A yi amfani da shi a ranar, in ya kwana biyu yana wari. A zuba a gindin tumatir, zogale da kuɓewa, kada ya taɓa ganye. Latas da karas a bar su da ruwan tanki. Yashin sama a kankare shi a canza duk sati biyu, ko da zarar ruwan ya fara tsayawa.

Na ƙwari, abokin gabarku na farko ƙadangare ne, yana tsinke tsiro tun yana kwana uku. Tsohon gidan sauro da aka daina kwana a ciki, a wanke shi, a ɗora kan sanduna a rufe wurin reno, a danne gefensa da ƙasa. Yana kuma tare farin ƙuda, wanda ke kawo cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya tsuke. Gindin da ya kamu da ita ba ya warkewa, a tuge shi a fitar. In kuma tsiro yana faɗuwa daga gindi kamar an matse shi, iri ya yi cunkoso ne ruwa kuma ya yi yawa. A rage shi, a daina bayin yamma a wurin reno na 'yan kwanaki.

Darɓa da ƙananan tsutsotsi, darbejiya ta ishe ku. A tsinci 'ya'yanta da suka faɗo, a shanya, a ɓare, a daka ƙwallon rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a narka ɗan sabulun wanki kamar girman ƙwallon dabino. A fesa da yamma, a bi ƙarƙashin ganye, duk kwana biyar zuwa bakwai. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, don haka a fara da wuri. A dakata kwana huɗu kafin cira, a wanke ganyen sosai don ɗaci. Fiya-fiya da maganin da ba shi da takarda a jikinsa kada su shiga lambun nan ko kusa.

Sharon kuwa ido yake so. Duk mai bayi ya ɗaga ganyen tumatir ya duba: in ya ga farin tabo kamar an kankare cikin ganyen fatar ta rage, tsutsar tana ciki. A tsinke ganyen, a zuba a leda a ɗaure a bar shi a rana, kada a jefa ramin taki. Da gindi 20 wannan aikin minti goma ne. In kun tuge tumatir ko kuɓewa kuka ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli, ƙasar ta kamu da tsutsar saiwa. A juye ƙasar buhun a baje ta a zafin ranar Afrilu ƙarƙashin farar leda sati huɗu zuwa shida, fangalin kuma a sa masa albasa ko masara a zagaye na gaba.